Yadda Ake Koya wa Yara Kimiyya da Lissafi a Bisa Bangaskiyar Katolika, a Gida da Makaranta

Iyaye da malamai da yawa suna ɗauka cewa koyar da kimiyya a bisa bangaskiya shi ne a rubuta aya ɗaya ta Littafi Mai Tsarki a saman takardar lissafi, ko kuma a rufe darasin tsirrai da cewa Allah ne ya halicce su, shi ke nan an sauke nauyi. Niyyar tana da kyau, amma yaro yana saurin gane abin da aka liƙa daga waje, kuma idan ya girma, abin da aka liƙa shi ne zai fara ɓarewa. Abin da Ikilisiyar Katolika take nema ya fi wannan zurfi, ya kuma fi shi wahala. Tana so yaro ya koyi kimiyya ta gaskiya da lissafi na gaskiya, ba tare da rage ko ƙwaya ɗaya ba, saboda ya yarda cewa duniyar da yake aunawa aikin hannun Allah ce, kuma Allah ba ya ruɗin wanda ya duba aikinsa da zuciya ɗaya. Littafin Hikima, sura 11 aya 20, ya ce Allah ya tsara kome da ma'auni da adadi da nauyi. Duk wanda ya ɗauki wannan magana da muhimmanci, dole ne ya ɗauki rula da sikeli da muhimmanci.

Mataki na farko: ku fara daidaita naku tunanin

Kafin ku zaunar da yaro, ku tabbata ku kanku kun san abin da Ikilisiya take koyarwa a kan wannan batu, domin tsoron da ke zuciyar babba yakan shiga zuciyar yaro ko da ba a furta shi ba. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, a sakin layi na 159, ya bayyana cewa ba zai yiwu a sami saɓani na hakika tsakanin bangaskiya da hankali ba, tun da Allahn da ya bayyana asirai ya kuma ba da bangaskiya, shi ne ya sa hasken hankali a cikin ɗan Adam. Fafaroma John Paul na Biyu ya buɗe wasiƙarsa ta shekarar 1998, wadda ake kira Fides et Ratio, da kwatanta bangaskiya da hankali da fukafukai biyu waɗanda ruhun mutum yake tashi da su zuwa ga gaskiya. Ku nemi waɗannan wurare ku karanta su da kanku, tare da sakin layi na 283 da na 284 na Katikizim, inda aka yi magana a kan binciken masana game da asalin duniya da na mutum. Karatun bai kai na rabin sa'a ba.

Abu biyu za ku fito da su daga wannan karatu. Na ɗaya, kimiyya tana amsa tambayoyi irin su yaya abu yake aiki, yaushe ya faru, nawa ne nauyinsa. Bangaskiya kuwa tana amsa wane ne ya ba da shi, don me aka yi shi, me ya wajaba in yi da shi. Na biyu, wannan aiki naku ne kafin ya zama na makaranta. Majalisar Batikan ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na Ikilisiya, a takardarta ta shekarar 1965 a kan ilimin Kirista, ta kira iyaye malamai na farko kuma mafi muhimmanci ga 'ya'yansu. Wannan bai nuna sai kun yi digiri ba. Uwar da ba ta wuce firamare ba tana iya tsugunawa tare da ɗanta su ƙirga ƙafafun tururuwa su tarar shida ne, su ƙirga na gizo-gizo su tarar takwas, kuma wannan shi ne ainihin mafarin kimiyya.

Mataki na biyu: ku ba yaro littafin lura, ku koya masa kada ya yi wa littafin ƙarya

Ku samo littafin rubutu guda ɗaya wanda ba a haɗa shi da aikin makaranta ba, da fensir, da rula, da tef na awo, in da hali da gilashin ƙara girman abu. Ku ware lokaci ƙayyadadde, kamar minti ashirin sau biyu a mako, domin ɗan kaɗan da ake yi a kai a kai ya fi yini guda da za a yi a manta. Ku buɗe da addu'a gajera, ku roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe ido da hankali, sannan ku shiga aiki kai tsaye ba tare da wa'azi ba.

Gwaji na farko da nake ba da shawara shi ne na tsirar iri. Ku sa ƙwayar wake guda huɗu a cikin kofuna huɗu masu ƙasa iri ɗaya. Na farko ya sami ruwa da haske, na biyu ya sami ruwa a ajiye shi a cikin duhu, na uku ya sami haske amma ba ruwa, na huɗu kuma a cika masa ruwa har ya kwanta a kansa kullum. Kafin a fara, yaro ya rubuta abin da yake zato zai faru da kowanne. Daga nan ya riƙa auna tsawon tsiron kowace safiya yana rubuta kwanan wata da adadin santimita. Yawancin yara sukan yi zaton wanda ke cikin duhu ba zai tsiro ba. Zai tsiro, har ma yakan fi na cikin haske tsawo, sai dai zai fito siriri, fari-fari ko rawaya, ba ƙarfi, domin yana cin abincin da ke ajiye a cikin ƙwayar yana miƙewa neman haske.

A nan ne tarbiyyar take. Na taɓa ganin yarinya 'yar shekara takwas ta ɗauki abin goge fensir a hankali, tana rufe shafin da hannun hagu, tana so ta goge zaton da ta rubuta tun farko don ya dace da abin da ya fito. Ban tsawata mata ba. Na roƙe ta ta bar shi yadda yake, ta ja layi a ƙarƙashinsa, ta rubuta: na yi zaton kaza, amma na ga kaza. Na gaya mata cewa wannan layin ya fi duk sauran shafin daraja, domin dokar nan ta takwas cikin Dokoki Goma da ta hana shaidar zur ba a bakin ƙofar ɗakin gwaji take tsayawa ba. Yaron da ya saba rubuta abin da ya gani, ba abin da yake so ya gani ba, ya koyi tawali'u a gaban gaskiya, kuma wannan halin zai yi masa amfani a gaban bagadi kamar yadda zai yi masa a gaban na'ura.

Idan yaro ya kai shekara tara ko goma, ku ƙara masa aikin inuwa. Ku kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a tsaye a fili, ya riƙa sa alama a ƙarshen inuwarta duk bayan sa'a ɗaya daga safe zuwa yamma. Zai ga inuwa tana gajarta sannan ta sake tsawo, kuma inuwa mafi gajarta tana kwance a kan layin arewa da kudu. Daga nan ku nuna masa yadda ake auna bishiya ba tare da an hau ta ba: idan sandar mita ɗaya ta yi inuwar mita ɗaya da rabi, a daidai lokacin kuma bishiya ta yi inuwar mita 12, to tsawon bishiyar mita 8 ne. Ku ja masa kunne ƙwarai kada ya taɓa kallon rana kai tsaye, ko da ido ko ta cikin gilashi.

Mataki na uku: ku ciro lissafi daga shekarar Ikilisiya

Wannan shi ne ɓangaren da na fi ƙauna, domin ba sai an ƙirƙiro alaƙa tsakanin lissafi da ibada ba, alaƙar tana nan tun da daɗewa. Ga ƙananan yara, Rosari ya isa ya koyar da ninkawa. Rukuni biyar na goma-goma na addu'ar gaisuwar Maryamu sun ba da 50, a haɗa da uku na farko su zama 53. Asirai 20 ne ake tunawa da su tun daga shekarar 2002, wato addu'ar gaisuwar Maryamu sau 200 idan an kammala duka. Kafin wannan shekara asirai 15 ne, wato 150, daidai da adadin Zabura. Ku bar yaro ya gano wannan daidaito da kansa, kada ku riga shi faɗa. Sai dai ku yi wannan ƙirga a wani lokaci dabam, ba a tsakiyar addu'a ba, don kada ya ɗauka cewa Rosari abin wasan lissafi ne.

Ga masu matsakaicin shekaru, ku ba su kalanda ku ce su ƙirga daga Larabar Toka zuwa Asabar ɗin da ke gaban Ista. Za su sami kwana 46, su zo suna cewa ai an ce azumi kwana 40 ne. Ku ce su cire ranakun Lahadi, waɗanda shida ne, su ga abin da zai rage. Haka nan su ƙirga daga Ista zuwa Fentikos, su tarar mako bakwai ne cif, wato 49, idan kuma an sa ranar Ista a matsayin rana ta farko, Fentikos ita ce ta 50.

Sannan sai babbar tambaya: me ya sa Kirsimeti take tsaye a 25 ga Disamba amma Ista take yawo? Amsar tana buƙatar rana da wata da mako gaba ɗaya. Ana yin Ista ne a Lahadi ta farko bayan cikar wata na farko da ya faɗo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, bisa jadawalin wata da Ikilisiya take amfani da shi. Saboda haka ba ta taɓa zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. Ku sa yaro ya riƙa zana siffar wata a littafinsa kowane dare har tsawon wata biyu, zai gano cewa daga cika zuwa cika kwana 29 da rabi ne a kimance. Idan Maris ta gabato, ya yi hasashen ranar Ista da kansa, sannan ku duba tare.

Ga 'yan sakandare kuwa, gyaran kalandar shekarar 1582 darasi ne cikakke. Tsohuwar kalanda ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365.25, alhali shekarar rana ta hakika kimanin kwana 365.2422 ce. Bambancin ya ɗan haura minti 11 a shekara. Ku sa su raba mintocin yini guda, wato 1,440, da wannan bambanci, za su ga cewa kuskuren yana taruwa ya zama kwana ɗaya a duk shekara 128 ko kusa da haka. Daga Majalisar Nikiya ta shekarar 325, wato taron bishop-bishop da ya tattauna lokacin yin Ista, zuwa 1582 shekara 1,257 ce, idan an raba da 128 sai a sami kusan goma. Shi ya sa Fafaroma Gregory na 13, bisa aikin masana irin su Aloysius Lilius da Fada Christopher Clavius na ƙungiyar Jesuit, ya ba da umarni cewa bayan Alhamis 4 ga Oktoba 1582, washegari ta zama Juma'a 15 ga Oktoba. Aka kuma kafa doka cewa shekarar cikar ƙarni ba za ta sami 29 ga Fabrairu ba sai in 400 tana raba ta ba saura. Don haka 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ya ga yadda son yin Ista a kan lokacinta ya tura Ikilisiya ga auna sararin sama da kyau.

Gargaɗi ɗaya a nan. Kada ku bari wannan ya zama neman ɓoyayyun asirai a cikin lambobin Littafi Mai Tsarki, ko ƙirga ranar ƙarshen duniya. Wannan camfi ne, ba lissafi ba ne, ba kuma koyarwar Katolika ba ce.

Mataki na huɗu: ku gabatar musu da mutanen da suka riga su, ku kuma maimaita aikinsu

Yara sun fi riƙe labarin mutum a kan ƙa'ida. Amma kada ku tsaya ga jera sunaye don alfahari, ku zaɓi mutum ɗaya ku zauna a kansa har wata guda. Gregor Mendel ya dace a fara da shi. Ɗan zuhudu ne na ƙungiyar Waliyyi Agustin a birnin Brno, wanda yake ƙasar Cek a yau. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka dubban tsirrai na wani nau'in wake a lambun gidan zuhudu, yana haɗa su aure da hannunsa, yana ƙirga 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa ya sami ƙwaya 5,474 masu santsi da 1,850 masu yamutsattsen jiki. Ku ba yaro waɗannan lambobi biyu ya raba, zai sami 2.96, wato kusan uku bisa ɗaya. Mendel ya buga sakamakonsa a 1866, kusan ba wanda ya kula da shi har ya rasu a 1884, sai a shekarar 1900 aka sake gano darajar aikin. A yau shi ake kira uban ilimin gadon halitta, wato nazarin yadda 'ya'ya suke gadon kamannin iyayensu.

Kuna iya kwaikwayon gwajinsa a kan tebur. Ku samo jaka biyu, ku zuba maɓallai ja goma da farare goma a cikin kowace. Jaka ɗaya uwa ce, ɗaya uba. Yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya daga kowace jaka, ya rubuta abin da ya fito, ya mayar, ya girgiza, ya sake, har sau 100. Ƙa'idar ita ce ja yana rinjayar fari, saboda haka duk haɗin da ja ya shiga ciki ana lissafa shi ja, sai fari da fari kaɗai ne fari. Zai sami ja kusan 75, fari kusan 25, amma da wuya ya zama daidai cif. Ku tambaye shi dalilin da ya sa sau goma na farko suka yi nesa da uku bisa ɗaya, sau ɗari kuma suka matso. A nan zai fahimci abin da ya sa Mendel ya yi haƙurin shekara da shekaru.

Ku tabbata 'yan mata sun ji sunan Maria Gaetana Agnesi ta birnin Milan a Italiya, wadda ta wallafa babban littafin lissafi a 1748, har Fafaroma Benedict na 14 ya naɗa ta a kujerar koyar da lissafi ta Jami'ar Bologna, daga baya kuma ta ƙarar da rayuwarta wajen hidimar matalauta da marasa lafiya. Su ji na Sista Mary Kenneth Keller, wadda a 1965 ta kasance cikin mutanen farko da suka sami digirin digirgir a ilimin kwamfuta a Amurka. Kuma ku yi adalci: ku gaya wa yara cewa lambobin da suke rubutawa daga Indiya suka taso, malaman Musulmi irin su Al-Khwarizmi suka bunƙasa su kafin su isa Turai. Gaskiya ba ta zama ƙarama don ta fito daga bakin wanda ba ɗan Ikilisiya ba.

Mataki na biyar: ku shirya wa tambayoyi masu wuya tun kafin su zo

Wata rana yaro zai dawo ya ce: "Baba, malamin kimiyya ya ce duniya ta yi shekara biliyan huɗu da rabi, amma Littafin Farawa ya ce kwana shida. Wane ne bai faɗi gaskiya ba?" Kada ku firgita, kada kuma ku ce masa ya daina irin wannan tambaya, domin yaron da aka rufe wa baki a gida zai kai tambayarsa intanet, can kuwa ba a rasa mai amsa masa. Ku ɗauko Littafi Mai Tsarki ku karanta sura ta ɗaya tare, ku tambaye shi a wace rana aka halicci rana da wata. Zai ga a rana ta huɗu ce. Sai ku tambaye shi, to da me aka auna kwana uku na farko? Wannan ba sabuwar lura ba ce. Waliyyi Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya yi dogon nazari a kanta, ya kuma yi kashedi cewa abin kunya ne kuma haɗari ne Kirista ya riƙa faɗin shirme a kan sama da ƙasa da sunan Nassi a gaban waɗanda suka san abin da ido da hankali, domin hakan yana sa su raina Nassin kansa. Ku bayyana wa yaro cewa Farawa tana koyar da gaskiya tabbatacciya: Allah ɗaya ne ya yi kome daga babu, abin da ya yi mai kyau ne, mutum kuma an yi shi cikin kamannin Allah. Ba a rubuta ta don ta maye gurbin littafin nazarin duwatsu ba.

A kan sauyawar halittu daga wani nau'i zuwa wani cikin dogon zamani, ku faɗa masa matsayin Ikilisiya yadda yake. Fafaroma Pius na 12 a 1950 ya yarda a yi bincike a kan asalin jikin mutum, Fafaroma John Paul na Biyu kuma a 1996 ya ce sabon ilimi ya sa wannan ra'ayi ya wuce matsayin zato kawai. Abin da Ikilisiya ta riƙe ba sassauci shi ne cewa ran kowane mutum Allah ne yake halittarsa kai tsaye, kuma mutum ba abu ne da ya samu kwatsam marar manufa ba.

Labarin Galileo ma kada ku ɓoye shi, gara ya ji shi daga bakinku. An hukunta shi a Roma a 1633 saboda kare ra'ayin cewa duniya ce take kewaya rana, ya ƙare rayuwarsa a tsare a gida. Alƙalansa sun yi kuskure, kuma a 1992 Fafaroma John Paul na Biyu ya amince da haka a bainar jama'a. Yaron da ya ga iyayensa suna iya cewa a nan mutanenmu sun yi kuskure, zai fi yarda da su a sauran maganganu.

Akwai kuskure na ɗaya gefen wanda masu himma suka fi faɗawa ciki, wato a ɗauki duk abin da kimiyya ba ta gano ba tukuna a ce to nan ne Allah yake. Ranar da aka gano bayanin abin, bangaskiyar yaron sai ta girgiza. Fada Georges Lemaître, limami ɗan ƙasar Beljiyam, shi ne a 1927 ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, a 1931 kuma ya kawo ra'ayin cewa ya faro ne daga wani yanayi na matuƙar cunkushewa. Duk da haka, lokacin da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana kusanta wannan ra'ayi da labarin halitta, Lemaître bai ji daɗi ba, domin ba ya so a jingina bangaskiya a kan nazarin da gobe ana iya gyara shi. Ku koya wa yaro cewa Allah ba ya ɓuya a cikin gurbin da iliminmu bai cike ba. Shi ne dalilin da ya sa akwai wani abu tun farko, shi ne kuma yake riƙe da abin da muka sani da wanda ba mu kai gare shi ba. Idan tambaya ta fi ƙarfinku, ku rubuta ta a littafin lura ku kai wa Fada ko malamin kimiyya tare da yaron, ya ga yadda babba yake neman sani.

Mataki na shida: abin da ya rataya a wuyan makaranta

Makarantar Katolika ta koyar da manhajar ƙasarta cikakkiya, kada ta tsallake wani babi don ana ganin yana da nauyi. Malamin addini da malamin kimiyya su zauna tare a farkon kowane zango su duba inda darussansu suke haɗuwa, don kada a koyar da Farawa ranar Litinin, a koyar da shekarun duwatsu ranar Laraba, a bar yaro shi kaɗai ya sasanta su. Ya fi kyau a ware darasi ɗaya su shiga aji tare, ɗalibai su jefa tambayoyinsu a rubuce ba tare da suna ba.

A wajen ba da maki, amsar lissafi da ba daidai ba ta zama ba daidai ba ko da ɗan katikis ne ya rubuta ta, kuma ɗalibin da ba Katolika ba a girmama lamirinsa, kada a auna iliminsa da ibadarsa. Kada a bar gwaji ya zama abin da ake zanawa a allo kawai. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje tana iya yin duk abin da na ambata a sama da kofi da igiya da sanda. Ranar 15 ga Nuwamba, idin Waliyyi Albert Mai Girma, malamin Waliyyi Toma Akwinas, wanda Fafaroma Pius na 12 ya ayyana a 1941 a matsayin majiɓincin masu nazarin kimiyyar halitta, rana ce da ta dace ɗalibai su baje littattafan lurarsu a gaban iyaye, har da gwaje-gwajen da ba su yi nasara ba. Iyayen da 'ya'yansu suke makarantar da ba ta Ikilisiya ba kuwa, su riƙa duba littafin kimiyyar yaro tun farkon zango, su san makon da za a kai ga babi mai ta da tambaya, su riga shi buɗe maganar a gida.

Mataki na bakwai: ku juya ilimin zuwa hidima

Kimiyya tana gaya wa mutum abin da zai iya yi, ba ta gaya masa abin da ya kamata ya yi, kuma yaro yana buƙatar ya fara jin wannan bambanci tun yana ƙarami. Fafaroma Francis, a wasiƙarsa ta 2015 mai suna Laudato si', ya kira duniya gidanmu na tarayya wanda aka ba mu amanarsa. Ku mai da wannan aikin awo. Idan akwai famfo mai ɗiga a gida ko a makaranta, yaro ya tara kofin awo a ƙarƙashinsa na minti goma, ya ninka abin da ya taru da shida ya sami na sa'a, ya ninka da 24 ya sami na yini, sannan da 365. Famfon da ke zubar da mililita 50 a minti goma yana ɓarnar lita 7.2 a yini, wato lita 2,628 a shekara. Ku sa ya rubuta wannan adadi a littafinsa, ya lissafa kwana nawa ruwan zai ishi mutum ɗaya sha idan yana shan lita biyu a yini, sannan ya tsaya kusa da ku yana miƙo kayan aiki lokacin da ake gyara famfon. Bayan an gyara, ya sake tara kofin na minti goma, ya rubuta sabon sakamakon a ƙarƙashin na farko tare da kwanan wata.